Mai Ruwa ko Mai Ƙarfe

Litinin, 3 ga Yuni

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ko yanzu ma sai da na rufe ƙofa kafin na ɗauki biro. Kaka Tokuji ya fara mantuwa. Ba irin ta neman tabarau alhali yana kan goshi ba.

A watan Afrilu, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ya zo tashar jirgin ƙasa ɗaukata a mota. Muka iso mararrabar da ake karyawa hagu zuwa gida, sai ya taka birki. Fitila kuwa kore ce. Ya juyo ya dube ni kamar baƙuwa, ya ce, "Ina ma za mu?" Na ce gida. Ya ce, "Ta ina?"

Hanyar da yake bi tun kafin a haifi Mama.

Da muka iso ƙofar gida, ya miƙo ƙaramin yatsansa muka sarƙe, yadda muke yi ina 'yar firamare. "Suzune, kada uwarki ta ji. Gajiya ce kawai." Na yi alkawari. Hannunsa sanyi ƙalau.

Abin da ya sa na rubuta yau: muna cin abincin yamma ya ce zai sayi jirgin ruwa.

Talata, 4 ga Yuni

Saboda marigayiya matarsa ne, Kaka Sumie. Kabarinta na can tsibirin da aka haife su su biyu, kuma tun bara aka daina jirgin fasinja zuwa can, wai babu masu hawa. Bikin Bon na bara, bikin da ake tunawa da matattu, ba wanda ya share mata kabari. Kaka ya yi kwanaki ba ya taɓa shinkafarsa.

Yana son ƙaramin jirgi mai ƙyallen iska, wanda ake ɗorawa a ƙaramar tirela a ja da mota zuwa bakin teku, a dawo da shi gida a ajiye gefen rumfa.

Mama ta ce, "Baba, jirgi? Kai da ko keke ka daina hawa?"

Ya ce, "A ruwa na koyi rarrafe, yarinya. Kuma duk shekarun da na yi ina tuƙa jirgin ƙasa, kin taɓa jin na wuce tasha da taku ɗaya?"

Ba ta taɓa ji ba. Ba wanda ya taɓa ji.

Ni dai na sunkuyar da kai cikin miya. Abin kunyar shi ne, kafin tsoro ya zo, sai da na fara hango kaina a goshin jirgi sanye da farar riga, iska na kaɗa mini gashi, kamar yarinyar littafin da nake karantawa. Gashina ma ko kafaɗa bai kai ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Mun je filin Urabe-san, mai sayar da tsofaffin jirage a bayan masana'antar ƙanƙara. Gajere, baƙi ƙirin saboda rana, dariya ba wuya. Guda biyu yake da su da suka dace. Ni na raɗa musu suna a zuciyata.

Mai Ruwa fari ne, mara nauyi. A ƙarƙashin daɓensa akwai tanki. In an sa shi a teku sai a buɗe wani famfo mai jan hannu a bayansa, ruwa ya shiga ya cika tankin, nauyin ruwan ne ke hana jirgin kifewa. Akwai ɗan rami a ƙasan matakala, nan ake zura yatsa a ji ko ruwan ya kawo baki. Sai ya kawo sannan a rufe famfo. In an dawo a tsiyaye, a ja shi gida fayau.

Mai Ƙarfe shuɗi ne, ya fi tsufa. Shi wani ƙaton faifan ƙarfe ne a cikinsa, kamar takobi a kube, ana sauke shi ƙasa da waya, a naɗe shi in an zo gaɓa. Urabe-san ya nuna mana wuyan hannunsa da ya ɗan karkace, ya ce hannun murɗa wayar ne ya kuɓuce masa. "In wayar ta yi tsatsa ta tsinke kuwa, ƙarar kaɗai ta isa ta tsufar da mutum."

Kaka ya ce, "Ni ai na riga na tsufa, sai dai ta mai da ni yaro."

Suka yi ta dariya. Sai Urabe-san ya ƙara da wata magana, yana goge hannu da tsumma, ba ma mu yake kallo ba. Ya ce Mai Ruwa ba shi da laifi ko ɗaya in an cika shi. Amma rabin tanki ya fi babu muni, don ruwan gudu yake yi zuwa gefen da jirgin ya karkata. "Shi wannan sai da mai tunawa. Mai Ƙarfe kuwa, ko ka manta ba ka sauke ƙarfen ba, nauyin yana nan a gindinsa."

Sai da mai tunawa. Duk hanyar gida maganar nan ke mini yawo a kai.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na ce wa Kaka shuɗin ya fi kyau. Ya ce, "'Yar littafi, jirgi ake zaɓa ko rigar biki?"

Alhamis, 13 ga Yuni

Damina ta shigo. Wanki ba ya bushewa, gidan duk warin danshi.

Tun ina ƙarama na san Kaka da nuna yatsa. Haka ake koya wa direbobin jirgin ƙasa: ka nuna abu, ka dube shi, ka faɗa da ƙarfi. Bai bar shi a wurin aiki ba. Kafin mu fita sai ya tsaya a kicin. "Gas a kashe, daidai! Taga a rufe, daidai!" Maƙwabta har kwaikwayonsa suke yi. Mama kan ce tun da ta taso ba ta taɓa komawa duba murhu ba, yatsan Baba ya ishe ta.

Yau da safe ya nuna tagar banɗaki. "A rufe, daidai!" A buɗe take, ruwa na fesowa ciki.

Yatsan ya je wurin. Muryar ta fito yadda ta saba. Idon ne kawai bai bi su ba.

Na jira ya fita na rufe.

Talata, 18 ga Yuni

Na sake gwadawa. Na ce ai Urabe-san ya ce Mai Ƙarfe ya fi zama daram in iska ta taso. Kaka na yanke farce a kan jarida. Ya ce Mai Ƙarfe da tirelarsa sun wuce nauyin da lasisinsa ya yarda ya ja, sai ya je ya yi jarrabawar wani lasisin.

Na ce to ya je mana, ai shi gwani ne.

Ya daina yankan. Bai ɗago ba. "In na shiga wurin nan, Suzune, tambayoyi za su yi mini. Yau wace rana, maimaita abin da muka nuna maka." Can ya ce, "Mai Ruwa ba ya tambayar kowa komai."

Ashe ya sani. Ba gajiya ba ce, kuma ya sani.

Na kwashe faratan na zubar.

Asabar, 22 ga Yuni

Littafin nan ya ƙi karantuwa. Yarinyar ciki ta ɓoye sirrin wani har shafi ɗari biyu, kowa na yabonta da riƙon amana. Amma ita sirrin nata ba ya nutsar da kowa.

Laraba, 26 ga Yuni

Mama ta dawo daga aiki ƙafafunta a kumbure, tsayuwar yini guda tana ɗaure akwatunan lemo. Na matsa mata su. Bakina har ya buɗe. Ta ce, "Mene ne?" Na ce ba komai, miyar jiya ce nake ganin ta lalace.

Ta ce tun da maganar jirgin nan ta taso Baba ya dawo da cin abinci, har waƙa ta ji yana yi a wanka. "Da na so in hana shi. Amma kin ga fuskarsa kuwa?"

Na gani. Ita ce matsalar.

Lahadi, 30 ga Yuni

Ya sayo rigunan ceto biyu. Ɗaya babba, ɗaya daidai ni.

Laraba, 3 ga Yuli

Asabar za a gwada Mai Ruwa, in sama ta yarda. Na roƙi ruwan sama ya yi ta zuba har Bon ya wuce. Rediyo ya ce rana za ta fito.

Asabar, 6 ga Yuli



Rana ta fito. Urabe-san ya ja jirgin da motarsa zuwa gangaren simintin da ake sauke jirage. Muka tura shi ruwa, muka ɗaure. Ya nuna wa Kaka famfon da ramin sau ɗaya, ya ce bari ya je ya ajiye mota da tirela can bayan ofishin masunta, tankin na ɗaukar ɗan lokaci.

Kaka ya sa fararen safar hannunsa na aiki. Ban san ya taho da su ba. Ya buɗe famfo. "A buɗe, daidai!" Na ji ruwa na shiga ƙarƙashinmu, ƙulu-ƙulu. Sai wata shirwa ta sauko ta ɗauki wani abu a kan ruwa, ya bi ta da kallo, ya fara ba ni labarin yadda shirwa ta taɓa fizge wa Kaka Sumie kifi a hannu suna yara. Bai ƙarasa labarin ba. Ya juya ya rufe famfo. Ya leƙa ƙasan matakala, ya nuna ramin daga nesa.

"Tanki ya cika, daidai!"

Bai zura yatsa ba. Safar a bushe take, fara tas. Kuma ƙulu-ƙulun bai tsaya ba lokacin da ya rufe. Na ji da kunnena.

Urabe-san ya dawo yana haki. "An cika?" Kaka ya ce, "Ba ka jiyo ni daga can ba?" Ya yi dariya ya ce ai duk tashar ta ji. "Mutumin jirgin ƙasa ya nuna yatsa, ni wa da zan bi bayansa in duba?" Ya kwance igiya.

Ni ina zaune da rigar ceto har haɓa. Kalma huɗu ce kawai. Tankin bai cika ba. Na jera su a baki, na sake jerawa. Sai na ga yadda Kaka ya riƙe sandar tuƙi, ƙirji a buɗe, na ce bari mu ɗan yi gaba tukuna.

A cikin tashar jiragen ruwa lafiya lau. Da muka wuce bangon da ke tare igiyar ruwa aka ɗaga ƙyalle. Nan na fara jin abin a tafin ƙafata, ruwa na gudu a ƙarƙashin daɓe, daga nan zuwa can, kamar wata dabba da aka kulle. Iska ta bugo daga gefen tsibiri, ba ma mai ƙarfi ba. Jirgin ya karkata. Na jira ya dawo, yadda Urabe-san ya ce suna yi. Bai dawo ba. Ya ci gaba da kwanciya a hankali, har na ga teku a inda ya kamata in ga bango, koren ruwa ya zubo ta gefe ya cika mini cinya. Akwatin abincinmu ya wuce ta gabana ya tafi.

Urabe-san ya yi wata ƙara, ya haye kan Kaka ya saki igiyar ƙyalle. Ƙyallen ya yi ta faɗa da iska. Jirgin ya tashi da ƙyar, ya faɗa ɗaya gefen, ya sake dawowa.

Urabe-san ya sauka ƙasa ya zura yatsa a ramin. Ya fito da shi a bushe. Ya dubi yatsan, ya dubi Kaka, ya dubi farin gashin Kaka.

Sai ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Wai laifinsa ne. Wai tabbas ciyawar teku ce ta toshe famfon, da ma ya so ya wanke shi bai samu sarari ba, a gafarce shi, ya jefa babban mutum da jikarsa cikin hatsari.

Babu wata ciyawa. Shi ma ya san babu. Ko kuwa bai sani ba? Na kasa ganewa, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Kaka ya ce, "Haba, ɗago, ɗago. Kayan inji sai haƙuri."

Lahadi, 7 ga Yuli

An kafa gora a gaban tasha, kowa na rataya takardar fatansa ta bikin taurari. 'Yan ajinmu duk sunayen samari suke rubutawa a ɓoye. Bara ni ma haka. Bana na riƙe takardar har ta jiƙe da gumi, na sa a aljihu.

An gaya wa Mama labarin ciyawa. Ta tsorata, amma da ta ji Urabe-san zai sa sabon famfo kyauta sai ta ce ai mutumin kirki ne, wani da ɓoyewa zai yi.

Talata, 9 ga Yuli

Ina wanke kwanuka Kaka ya zo ya tsaya a bayana. A hankali ya ce, "Ran Asabar ɗin nan. Na sa yatsa a ramin, ko?"

Ba wayo yake mini ba. Tambaya yake yi da gaske. Idonsa irin na ranar mararraba.

Na ce, "Eh."

Ya sauke numfashi, ya dafa mini kai. "Na san na sa."

Na bar famfo na zuba don kada ya ji kukana. Da can shiru kawai nake yi. Yau ƙarya na yi, kuma da ita zai shiga teku.

Laraba, 10 ga Yuli

Ya duba kalanda, Asabar ranar sa'a ce, ranar zai karɓo Mai Ruwa. Ya sayi kwalbar giyar shinkafa da za a zuba a goshin jirgin. Ya ce kafin Bon zai fara zuwa shi kaɗai ya cire ciyawar kabari, don kada mu tarar da wurin kamar daji. Ranar makaranta zai je. Mama na wurin aiki.

Shi kaɗai a gangaren nan. Ba Urabe-san da zai saki igiya.

Na ce in ya jira hutu sai in raka shi, ni zan riƙa duba tankin. Ya ce, "Ke da kika yi fari fat kamar awara? Zauna ki yi karatunki." Ko da ya yarda ma, sau nawa zan kasance a wurin?

Alhamis, 11 ga Yuli

Bayan makaranta na bi ta filin Urabe-san. Na tsaya a bakin waya. Mai Ruwa an wanke shi, jan hannun famfon sabo fil. Mai Ƙarfe na can baya an rufe shi da tamfol. Na daɗe ina tunanin da shi Kaka ya zaɓa da shi ke nan. Yau na tsaya ina kallonsa na tuna mararraba. Wanda ya ɓata a hanyar gidansa, teku fa? Ba fitila, ba shago, tsibirai duk kamarsu ɗaya.

Ashe ba tsakanin fari da shuɗi zaɓin yake ba. Wata guda ina ɓuya a bayan wannan.

Urabe-san ya hango ni ya ɗago hannu. Na gudu. Ni dai haka nake.

Na san bakina ba zai iya ba, sau nawa ina gwadawa. Don haka na zauna a ɗakin karatu na gari na rubuta wa Mama wasiƙa. Na yaga uku. Ta farko ta cika ado kamar ta cikin littafi, har da hawaye da teku mai kishi, na ji kunyar kaina. Ta ƙarshe ba ta da komai sai abin da na gani: mararraba, taga, safar hannu a bushe, da "eh" ɗin da na ce.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na san abin da zai biyo baya. Mama za ta kira Urabe-san. Za ta kai Kaka asibiti, a yi masa tambayoyin nan da yake gudu. Makullin mota ma ƙila ya tafi. Zai daina waƙa a wanka. Zai san ni ce, don ba wanda ya sani sai ni. Ban san ko zai sake ce mini 'yar littafi ba.

Na rubuta a ƙasan wasiƙar cewa masunta na zuwa wajen tsibirin, ko za a roƙi ɗaya ya kai mu Bon mu uku. Ban san ko ana haka ba. In ana so, ni zan je in tambaya. Ni ɗin nan. Na karanta layin sau biyu ban goge ba.

Da na yi niyyar sa ta a jakar abincin Mama, ta gani a wurin aiki, ina can makaranta. Amma sai ta karanta ita kaɗai a tsakiyar akwatunan lemo, ta dawo ta same shi ita kaɗai. A'a.

Kaka ya fita ban ruwan tumatir, ina jiyo shi ta taga yana magana da su. Mama na kicin tana wanke shinkafa. Saura kaɗan ta tafi.

A hannu zan ba ta. Kuma zan tsaya a wurin har ta gama karantawa.